Amsa ga ƙanena mai son karatun ingancin ruwa a Holan

Ƙanena, saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka kammala digirin farko a fannin sinadarai, kana son zuwa cibiyar koyar da ilimin ruwa ta IHE da ke birnin Delf don yin digiri na biyu a kan ingancin ruwa, amma kana fargabar lissafi zai kayar da kai. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da za a nema a wurinka shi ne logarizim da aljebra, sai kuma haƙurin bin mataki bayan mataki.

Ginshiƙin karatun shi ne iskar kabon dayoksaid da ke narkewa a cikin ruwa, ta zama asid mai rauni, sannan ta rikiɗe zuwa baikabonet da kabonet gwargwadon tsamin ruwan. A zafin digiri 25, asid ɗin da baikabonet suna yin kunnen doki a pH 6.35 (pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa, yana raguwa idan tsami ya ƙaru), baikabonet da kabonet kuma a pH 10.33, shi ya sa baikabonet ke rinjaye a yawancin ruwan rijiya da na kogi, tunda pH ɗinsu yana tsakanin waɗannan biyun. Idan kana ɗiga asid a hankali cikin irin wannan ruwa, za ka ga pH ya daɗe yana turjiya, sai wajen 4.5 ya faɗi farat ɗaya, kuma yawan asid da ruwan ya shanye kafin nan shi ne ƙarfinsa na kashe tsami. Har yau muna amfani da hanyar da masanin sinadarai Gunnar Gran ya wallafa a 1952 wajen gano wannan gaɓa daidai.

Lissafin kansa bai wuce haɗa sharuɗɗa uku ba: jimillar kabon ba ta ɓacewa, cajin da ke cikin ruwan dole ya daidaita, kowane sauyi daga wani nau'in kabon zuwa wani kuma yana da adadinsa tabbatacce. Manhajar PHREEQC, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke bayarwa kyauta, tana warware wannan kafin ƙiftawar ido, amma ina roƙonka ka fara warware shi da biro da takarda, domin manhaja ba ta tuhumar abin da aka zuba mata. A shekarata ta farko na auna pH na ruwan burtsatse kwana guda bayan ɗebo shi, alhali iskar kabon dayoksaid da ke cikinsa ta riga ta fice, pH ɗin ya hau, sai kwamfuta ta nuna mini cewa ruwan na shirin zubar da farar ƙasa, sakamakon da ba shi da tushe ko kaɗan. Tun daga ranar nake auna pH a bakin rijiya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gida. Kanwar da ake zuba wa wake gishirin kabonet ce, kuma alif da ake sa wa ruwa a matatu yana cinye baikabonet, har sai an ƙara farar ƙasa don kada tsami ya ci bututu.

Kafin ka cike takardun neman gurbi, ka lissafa da hannu dalilin da ya sa ruwan sama mai tsabta yake da pH kusan 5.6, ka turo mini takardar in duba maka.