Wandon sama na hokin ƙanƙara: wanne ya kamata in saya wa ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Winnipeg da ke Kanada. Ɗana mai shekara 13 ya samu shiga sabuwar ƙungiyar hokin ƙanƙara, sai kocinsu ya ce kowa da baƙin wando zai riƙa fitowa. Nasa kuwa ja ne, bara muka saya da tsada, ko kama hanyar tsufa bai yi ba. Wata maƙwabciya ta ce in sayi abin da suke kira shel, wato wandon sama, ya ɗora a kai. Na je shago na tarar iri biyu ne, na rasa na ɗauka. Wanne ne nasa? Yana ƙara kariya? Kuma in sayi babba ne saboda yaro mai girma ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya tsare shi a filin nan. Maƙwabciyarki ta ba ki shawara mai kyau, ba sai kin sake sayen wando ba. Amma kafin ki koma shago ki tuntuɓi manajan ƙungiyar tukuna, domin ƙungiyoyi da yawa su ke yin odar nasu wandon saman gaba ɗaya, mai tambarinsu da ratsin launinsu a gefe. In haka ne, girman kawai za ki faɗa musu, kuma abin da zan bayyana a ƙasa zai taimake ki a kan hakan.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don a kanta iyaye suka fi ruɗewa. Shel ba ya kare komai. Yadin nailan ne zalla da aka ɗinka a siffar gajeren wando, aikinsa ya rufe abin da ke ƙasa, ya daidaita launi, ya ɗauki gogar ƙanƙara da ta sanduna a madadin wandon ciki mai tsada. Soso da robar da ke kare ƙoda da kwankwaso da ƙashin gindi da cinya duk suna cikin wandon ƙasa ne. Akan samu wasu da aka saka wa ɗan soso a cinya, amma waɗannan an yi su ne don su cika wani takamaiman wandon ciki na kamfani ɗaya. Faifan robar da ake bugawa nauyinsa kusan giram 170 ne, kuma a manyan wasanni daskarar da shi ake yi kafin a fara. In ya taso da gudu, yadi ba ya tare shi. Don haka ki fara duba jan wandon nan da kyau: ki danna robar cinya ki ji ko ta tsage, ki duba soson ƙashin gindi ko ya lanƙwashe ya kwanta. In cikin ya lalace, rufe shi da sabon baƙin yadi ɓoye matsala ne kawai. Wannan ya ƙara muhimmanci a shekarun ɗanki, domin tun 2013 hukumar Hockey Canada ta hana bangazar juna da jiki a rukunin 'yan shekara 11 da 12, sai a rukunin 'yan 13 da 14, wanda yanzu ake kira U15, ake fara ta a matakan gasa. Wato in ƙungiyarsa a matakin gasa take, bana ne zai fara jin kafaɗar wani ta manna shi da katangar fili.

Iri biyun da kika gani kuwa, asalinsu daga abin da ke ƙasa ne. Akwai wandon hoki na gargajiya, faffaɗa, wanda soso da yadin waje ke haɗe wuri guda, yana rataye a ƙugu da bel. Akwai kuma matsattse, wanda masu shago ke kira gadil, mai kama jiki kamar wandon 'yan tseren keke, soson yana manne da fata yana bin motsin ƙafa. Shi wannan ba a fita fili da shi haka nan, dole a ɗora masa wandon sama. To shel ɗin da aka yi wa matsattsen siriri ne a cinya da mazaunai, wanda aka yi wa na gargajiya kuma yana da faɗi sosai don ya haɗiye wando sukutum. Tunda kin ce na ɗanki ja ne kuma da shi yake wasa kai tsaye, na gargajiya ne, faffaɗan shel ɗin za ki nema. In kika kuskure kika ɗauki siririn, ko dai ya ƙi wuce cinya, ko ya shiga da ƙyar ya matse robar ta karkace daga inda ya kamata ta zauna, ɗinkin tsakanin ƙafa kuma ya ɓalle cikin 'yan makonni.

Game da sayen babba, na fahimce ki, duk mun taso ana ɗinka mana kayan sallah da tsawon da zai kai baɗi. A nan dai kada ki yi. Na taɓa ganin yaro a wata ƙungiya da nake taimaka wa da kaya, an saya masa wandon sama da ya fi shi da mataki biyu. Yadin ya sauko ya rufe masa gwiwa tsaf, kowa ya ɗauka a kare yake. Ashe wandon cikin ya riga ya yi masa kaɗan, akwai tazarar yatsu uku tsakanin ƙarshen robar cinya da saman makarin ƙwauri, yadi kawai ke wurin. Nan ɗin faifan ya same shi, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Tun daga ranar, duk yaron da ya zo da sabon shel sai na ɗaga ƙafar wandon na kalli abin da ke ƙasa. Babban shel kuma yana juyawa a jiki, yana kama kan sanda, yana cika da iska a cinya, yaro ya yi ta jan sa sama a tsakiyar wasa.

Ga yadda nake yi in an zo mini. Ki tafi shagon da jan wandon da makaran ƙwaurinsa, da shi kansa yaron. Ya sa su duka yadda yake sawa ranar wasa, sannan a ɗora shel ɗin. Mafari shi ne girman da ke rubuce a jikin wandon: in matsakaici ne na yara manya, a fara gwada matsakaici. In kamfaninsu ɗaya, misali Bauer a kan Bauer ko CCM a kan CCM, yawanci sukan zauna daidai. In sun bambanta, nan ne akan hau mataki ɗaya, domin yankan kowane kamfani daban ne, kuma lambar ƙugu da ke kan takarda da inci ba ta gaya miki kaurin cinyar wandon ba. Da ya sa, ki ce ya tsuguna kamar zai zauna a kujera, ya buɗe ƙafa gefe iya ƙarfinsa, sannan ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ki kalli tsakanin ƙafafun: in yadin ya ɗame har kina ganin zaren ɗinki, ya yi kaɗan. Ki zagaya baya ki ga ko soson da ke kare ƙasan gadon baya yana tsaye a wurinsa, bel ɗin shel bai danne shi ba. Sai ki duba ƙasa: bakin shel ya tsaya daidai da bakin wandon ciki ko ya ɗara shi kaɗan, yadda ja ba zai leƙo ba, kuma robar cinya ta hau kan saman makarin gwiwa. In yaron dogo ne siriri, ki tambayi mai ƙarin tsawo, wasu kamfanoni suna yin mai ƙarin inci ɗaya ko biyu ba tare da ƙara faɗin ƙugu ba.

A kan yadi, za ki ga lamba da harafin D a jikin takarda, kamar 400D. Ma'aunin kaurin zare ne, in lambar ta fi girma yadin ya fi kauri da juriya, ya fi nauyi kaɗan. Ga yaron da ke fita fili sau uku ko huɗu a mako, wanda ke kusa da 400 ya isa, mai shara-shara sosai kuwa bakin takalmin ƙanƙara zai yaga shi tun kafin kakar wasa ta yi nisa. Ni abin da na fi dubawa shi ne yadi mai talewa da ake sakawa a tsakanin ƙafafu da bayan wandon, domin shi ke barin ƙafa ta miƙe in yaro ya tura. Wanda ba shi da wannan, ko ya fi arha, ki bar shi.

Zif ɗin cikin cinya yana da amfani ga mai son ɗaure takalmi kafin ya sa wando, sai dai a zuge shi kafin a shiga fili, in an bar shi a buɗe cikin cinya ba abin da ke rufe shi. Ki kuma duba yadda shel ɗin zai riƙe kansa: bel a ƙugu, igiyar zarge a gaba, ko maɓallan rataya a kafaɗa. Mai mannen Velcro a ciki galibi na matsattsen wando ne, shi ma alama ce da za ta nuna miki wanne kika riƙe.

Ki tabbata gajere ne mai tsayawa a gwiwa. A da can kamfanin Cooper ya taɓa fito da dogon wandon sama har idon sawu, ana kiransa Cooperalls. Ƙungiyar Philadelphia Flyers ta sa irinsa kaka biyu daga 1981, Hartford Whalers ta bi ta a ta biyun, sannan NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, ta hana shi bayan kakar 1982 zuwa 1983, saboda nailan na da santsi a kan ƙanƙara, ɗan wasa in ya faɗi sai ya zarce da gudu ya daki katanga. Dogayen da za ki gani a shago yau na alƙalan wasa ne, ko na masu hokin takalmi mai taya.

Wanki kuwa, a nan shel ya fi wando sauƙi nesa ba kusa ba. Ki cire shi daga kan wandon bayan wasa don dukansu su sha iska, ki wanke shi da ruwan sanyi, zif a zuge, ki shanya. Kada ki saka shi a injin busar da kaya, zafi yana kashe yadin mai talewa yana ɗaga tambarin da aka manna. In ya yage a cinya, tela mai keken ɗinka yadi mai kauri zai iya yi masa faci daga ciki da baƙin nailan, ya ƙarasa kakar da shi.