Amsa ga mai shirin kwana a bakin kogi cikin gandun daji

Ɗan'uwa, ka ce za ku kwana a wani sansani da ke bakin kogi cikin gandun daji, babu lantarki, babu famfo, sai fili da masai, kana tambayar abin da za ku riƙa. Kayan riƙo ba su da wuya. Ni abin da ya fi damuna shi ne inda za ku kafa tanti, don na daɗe ina irin wannan kwana, kuma a nan na fi ganin mutane suna jefa kansu cikin haɗari.

Duk wanda ya iso, farin yashin nan na bakin ruwa ne ke fara ɗaukar idonsa, shimfiɗe, ba ƙaya ba dutse. Don Allah kada ku kwana a kansa. Ruwa ne ya shimfiɗa shi, kuma zai dawo. Ana iya tafka ruwan sama can nesa inda kogin ya taso, ku ko hadarin ba ku gani ba, cikin dare kogi ya cika ya batse. In akwai madatsa a sama, sakin ruwa ma yana yin haka. Kafin ka sauke kaya, zaga ka duba bishiyoyin gaɓa. Za ka ga busasshiyar ciyawa da karare sun maƙale a rassa, wani lokacin ma sama da kanka. To, nan ruwa ya taɓa kaiwa. Ku hau tudun da ya fi wannan alamar. In an ware wuraren kafa tanti, ku tsaya a nan. In ba a ware ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar mita 60 daga ruwa, kimanin taku 70 na babban mutum. A can tudun, sauro ya fi sauƙi, raɓa da sanyin asuba ma haka, don sanyi kwari yake gangarawa. Kuma kun bar wa namun daji hanyarsu ta zuwa shan ruwa da dare. Ka ɗaga kai kuma, kada a kwana ƙarƙashin busasshen reshe.

Ruwan kogi komai garainsa, a tafasa shi, a bar shi yana ɓararraka na minti 1 kafin a sha. Wanka kuwa sai ka tambayi ma'aikatan gandun, su suka san inda kada ko dorina suke. A ƙasashe masu zafi, ruwa mai kwanciya yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya, kuma ta fata ƙwayar ke shiga. Wanke-wanke a ɗebo ruwa a yi shi nesa da gaɓa, kada kumfar sabulu ta gangara kogi.

Wuta ma da izini ake hurawa, da rani wasu gandayen sukan hana gaba ɗaya. In an yarda, a murhun da kuka tarar, ba a saran ɗanyen ice. Kafin barci a kwarara mata ruwa, a motsa tokar, har sai ka kai hannu kusa ka ji ba ɗumi. Gawayi ko risho kada ya shiga tanti ko sanyi ya kai yaya. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, a barci take kashe mutum.

Kayan riƙo kuwa, sai gidan sauro, tocila da ƙarin batir, kayan taimakon farko, da leda mai kauri ta kwashe shararku ku fito da ita. Abinci a rufe shi ruf, nesa da makwanci. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Waya ba lallai ta samu sabis ba, don haka ka sanar da wani a gida ranar dawowarku, ku kuma isa da sauran rana yadda za ku ga alamar ruwan nan da idonku.