Tambaya da Amsa: Tangaran ɗin Noritake da muka gada

Tambaya: Salam Anti. Muna gyaran kabad ɗin marigayiya kakarmu sai muka ci karo da saitin tangaran, faranti shida da kofuna da butar shayi, bakinsu da ruwan gwal, a gindinsu an rubuta Noritake da harafin M cikin zagayen ganye. Yayana ya ce tsoffin kaya ne kawai a bayar. Suna da wata daraja kuwa? Daga ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya jiƙan Hajiya, kuma don Allah ki ce wa Yaya ya dakata tukuna. M ɗin nan da kika gani harafin farko ne na sunan Morimura, wa da ƙani 'yan Japan da suka fara fataucin kaya zuwa Amurka a 1876, daga baya a 1904 aka kafa masana'antar tangaran ɗin a ƙauyen Noritake kusa da birnin Nagoya. Abin da ke burge ni da su shi ne naci, shekara goma suka kwashe suna fama da babban faranti guda, in an gasa sai tsakiyarsa ya lotsa ya ƙi zama daidai, sai a 1914 suka dace suka fitar da cikakken saitin cin abinci na farko.

To yanzu ki kifa farantin ki duba da kyau. In kin ga an rubuta Nippon (sunan Japan a harshensu) a matsayin ƙasar da aka yi shi, an yi shi kafin 1921 ke nan, don a shekarar ne Amurka ta ce dole a riƙa rubuta Japan, kuma irinsa masu tara kayan tarihi suka fi nema, shi ya sa ma jabu ya yi yawa. In Occupied Japan ne, wato Japan a ƙarƙashin mamaya, to na bayan yaƙin duniya na biyu ne, zuwa 1952. A 1953 N ya maye gurbin M, kin ga naku ya haura shekara 70 ke nan.

Maganar kuɗi kam gaskiya ba kowanne ke tsada ba, an yi su da yawa sosai. Ki shafa zanen da yatsa, in kin ji ɗan tudun fenti alamar aikin hannu ne, sannan ki ɗan ƙwanƙwasa bakin kofin, lafiyayye ƙara yake yi kamar ƙararrawa, mai tsagewa kuwa dum za ki ji. Ni dai da nawa ne ba zan raba saitin ba, kuma kar soson ƙarfe ya kusanci gwal ɗin nan, ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar.