Amsar tambayarka kan gogen Auta

Yaya, na ga saƙonka bayan bidiyon Auta riƙe da goge, kana tambaya ko mu Hausawan Landan maroƙa za mu mayar da 'ya'yanmu. Ban ji haushi ba, don ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar a farkon zuwanmu.

A nan kiɗa darasi ne a makaranta, kamar lissafi. Mu ma bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai gidajen da suka hana ɗungurungum bisa fatawar malamansu, kuma muna girmama musu hakan. Mu a gidanmu, da wasu da muke zumunci da su, mun bar yara su koyi kiɗan, amma ba sa rera waƙar ibadar coci, Asabar da Lahadi kuwa na Islamiyya ne, babu ɗaga ƙafa.

Abin da ta kaɗa na Henry Purcell ne, wani mawaƙin Ingila na zamanin da. Kai da ka tashi a bakin fada za ka gane shi nan take, domin mawaƙin fada ne. An haife shi a 1659, tun yana ƙanƙane yake cikin yara mawaƙan sarki. Da muryarsa ta buɗe a 1673 sai aka sa shi taya gyaran kayan kiɗan fada. A 1679 aka damƙa masa babban abin kiɗan nan mai bututu na cocin Westminster. Ya yi wa Sarki Charles na Biyu waƙoƙin barka da dawowa, ya yi wa Sarauniya Mary na murnar ranar haihuwa, kiɗansa kuma aka yi a jana'izarta a Maris 1695. Nuwamban shekarar shi ma ya rasu, yana ɗan shekara 36. A cikin cocin suka binne shi, inda ake naɗa sarakunansu. Da na tsaya a wajen kabarin, mawaƙan gida ne suka faɗo mini a rai, waɗanda muke jin daɗin waƙarsu amma mu hana su auren 'ya'yanmu. Abin ya daɗe yana cina.

Duk Lahadi ta biyu ta Nuwamba, ranar tunawa da mazan jiya, sojojin badujala kan kaɗa wani ɓangare na wasansa Dido and Aeneas a titin Whitehall, kukan Dido, sarauniyar cikin wasan, da ke bankwana da duniya. Sautin ƙasa yana gangarowa a hankali, ya koma sama, ya sake gangarowa, kamar mai hawaye da ya kasa tsayawa. Jakadan Nijeriya ma kan ajiye furanni a wurin. Bara na kai Auta, muka tsaya cikin sanyi, na ba ta labarin Kaka da yaƙin Burma. Ita ce ta fara gane kiɗan, ta matse mini hannu ta ce, "Baba, na Purcell ne."