Tambaya da Amsa: Ƙera Jirgin Su na Faiba a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne, na kuma gaji da gyaran kwalekwalen katako, domin kowace shekara sai na toshe ɓaraka, ga katakon yana ruɓewa ta ƙasa. Na lura jiragen faiba ba su cika yoyo ba, kuma ba su da nauyi. Ina da fili a gida, ina kuma taɓa aikin kafinta. Shin zan iya ƙera jirgi mai tsawon kamar mita 5 da hannuna, wanda zai ɗauki mutum biyu da taru da ƙaramin inji? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Za ka iya, kuma sanin kafinta da kake da shi zai rage maka rabin wahala, amma ina so ka fara fahimtar abin da ake kira faiba tukuna. Abu biyu ne ake haɗawa: zaren gilashi da aka saƙa ko aka barbaza ya zama kamar ƙyalle, da kuma wani ruwan sinadari mai kauri da ake kira rezin, wanda yake daskarewa idan an zuba masa mahaɗinsa. Zaren ne ke ɗaukar ƙarfi, rezin kuma shi ke riƙe zaren ya hana ruwa ratsawa. Rezin kaɗai tsagewa yake yi, zare kaɗai kuwa ƙyalle ne kawai, saboda haka ingancin jirgi ya rataya ne a kan yadda aka auna su da yadda aka haɗa su. Tun 1942, lokacin da Ray Greene ya ƙera ƙaramin jirgi da wannan haɗi a jihar Ohayo ta Amurka, ainihin aikin bai canza sosai ba: burushi ne da rola da haƙuri.

Jiragen da kake gani na kamfani a mazubi ake yin su. Kafin a sami mazubi sai an fara sassaƙa cikakken samfurin jirgin da katako, a goge shi ya yi sumul kamar madubi, a zuba faiba a kansa a ciro mazubin, sa'an nan a zuba jirgi na gaskiya a cikin mazubin. Ka ga ke nan jirgi uku mutum zai ƙera kafin ya sami ɗaya. Wannan hanya tana da riba ga masu son jirage da yawa iri ɗaya, amma ga mai neman jirgi guda asarar kaya da lokaci ce, kuma ba na ba ka shawarar bin ta.

Hanyar da ta dace da kai ita ce ta ɗinki da liƙi. Za ka yanka falankin filawud na ruwa, mai kaurin milimita 6 zuwa 9, daidai da zanen jirgin, ka huda ƙananan ramuka a gefuna, ka ɗinke falankan da wayar tagulla har siffar jirgi ta fito. Daga nan sai ka cike kowace mahaɗa da rezin irin na ifoksi wanda aka kwaɓa da garin katako ya yi kauri, idan ya daskare ka cire wayoyin, ka bi ta kai da tef na zaren gilashi ciki da waje, sa'an nan ka lulluɓe jikin jirgin da ƙyallen gilashi. Da wannan dabara aka yi ƙaramin jirgin nan mai suna Mirror da aka zana a Ingila a 1962, wanda aka ƙera fiye da 70,000 irinsa, da yawa daga ciki a gidajen mutanen da ba sana'arsu ba ce.

Na san za ka ce ai katako kake gudu. Gaskiya ne akwai katako a ciki, kuma idan ruwa ya sami hanyar shiga tsakaninsa da faiba zai ruɓe a ɓoye, ba tare da ka gani ba. Shi ya sa nake jaddada abu biyu. Na farko, filawud ɗin ya zama na ruwa, wanda gam ɗinsa ba ya sakin jiki idan ya jiƙa. Kana iya gwadawa ta hanyar tafasa ɗan guntu na wasu sa'o'i ka ga ko shimfiɗunsa za su rabu. Na biyu, ka yi amfani da ifoksi ko da ya fi rezin na foliyesta tsada, domin foliyesta ba ya kama katako da kyau, bayan ɗan lokaci sai ya ɓamɓare kamar ɓawo. Duk gefen falanki da duk ramin da ka huda don kusa ko noti, sai ya sha ifoksi kafin ruwa ya taɓa shi. Ifoksi kuma ba ya jure hasken rana, don haka dole a shafe shi da fenti bayan an gama. Wajen haɗa shi da mahaɗinsa, ka bi awon da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani ba ragi ba ƙari, domin ƙara mahaɗi ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi.

Amsar tambayarka ta ƙarshe kuwa ita ce ka fara da zane. Kada ka zana jirgin da ido, komai sabonka da ruwa, domin faɗi da zurfi da karkatar gefe su ke yanke hukunci a kan ko jirgi zai tsaya daram lokacin da mutum biyu suka koma gefe ɗaya suna jan taru. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta wallafa zane-zanen ƙananan jiragen su da aka gwada, ana samun su kyauta a intanet. Zane mai kyau zai gaya maka kaurin kowane sashe, da wurin haƙarƙari, da yadda za a ƙarfafa bangon baya inda ake ɗaura inji, da kuma iyakar ƙarfin injin da jirgin zai iya ɗauka. Kafin ka sayi kaya, ka tambayi hukumar da ke kula da sufurin ruwa inda kake ko ana buƙatar rajista ko dubawa.

Tambaya: Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi, muka sami aron mazubi, muka zuba jirgin farko da foliyesta. Bayan kwana uku cikinsa yana ta danƙo, ga fararen tabo a wurare da dama. Me muka yi ba daidai ba?

Amsa: Danƙon iri biyu ne, sai ku bincika ku ga wanne ne naku. Foliyesta na shimfiɗa yakan bar ɗan danƙo a saman da iska ke taɓawa, wannan ɗabi'arsa ce domin shimfiɗa ta gaba ta kama, kuma ana maganinsa da shafin ƙarshe wanda aka sa wa ɗan kaki. Idan kuwa kun danna da farce kun ji ya lotsa, ko kun yanki gefe kun tarar da laushi har ciki, to bai nuna ba, kuma babu fentin da zai gyara shi. Irin wannan jiki sai a jefar, duk da na san maganar ba ta da daɗin ji bayan an kashe kuɗi.

Sanadin yawanci awo ne. Sinadarin da ke daskarar da foliyesta, wanda ake kira MEKP, ana zuba shi kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo na rezin, kuma da sirinji ake auna shi. Idan ya gaza kashi 1, ko ba a juya shi ya haɗu sosai ba, ko rezin ɗin ya wuce wata shida a ajiye cikin zafi, aikin ba zai nuna yadda ya kamata ba. Yanayin da ya fi dacewa shi ne zafin digiri 18 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos, a inuwa, inda iska ke wucewa. Idan zafi ya fi haka, ku yi aikin da sassafe kuma ku riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za ku shafa cikin minti 15, domin rezin da aka bari da yawa a bokiti yana ɗaukar zafi da kansa har ya yi hayaƙi, wani lokaci ma ya kama wuta.

Fararen tabon kuma zare ne da bai sha rezin ba, ko wanda ya jiƙa da raɓa kafin a shimfiɗa shi. Zaren da ya sha daidai yakan zama garai-garai, har a hango abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙyallen barbaje mai nauyin giram 450 a kowace murabba'in mita yana shan kusan kilo 1 na rezin, yana kuma ba da kaurin kusan milimita 1, saboda haka da sikeli za ku iya sanin ko kun rage ko kun cika. Ku shafa rezin, ku ɗora ƙyalle, ku ƙara shafawa, sa'an nan ku bi da rolar ƙarfe har iskar da ta maƙale ta fita, musamman a kusurwoyi, kuma kowace mahaɗar ƙyalle ta hau 'yar uwarta da santimita 5. Kada ku rage yawan shimfiɗa don tattalin kaya. Bayan igiyar tsunami ta Disambar 2004 an ƙera jiragen faiba masu yawa cikin gaggawa domin masuntan Indiya da Siri Lanka, kuma da yawa daga cikinsu ba su daɗe ba suka fara tsagewa saboda siranta da rashin ƙwarewa, alhali a ido sumul suke.

Ina roƙonku ku kula da lafiyarku. Ɗigon MEKP a ido yana iya makantarwa, don haka tabarau da safar hannu wajibi ne, a kuma ajiye ruwa mai tsabta kusa. Kada a taɓa haɗa shi kai tsaye da sinadarin kobal mai gaggauta bushewa, domin haɗin yana fashewa. Tururin foliyesta yana sa jiri, asiton na wanke burushi yana kama wuta nan take, ƙurar goge faiba kuma ba a shaƙarta ba takunkumi.

Tambaya: Wai da gaske ne jirgin faiba ba ya nutsewa?

Amsa: Yana nutsewa, 'yar uwa, kuma wannan kuskuren fahimta na cikin waɗanda suka fi damuna. Faiba ya fi ruwa nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, don haka idan jirgin ya cika da ruwa ƙasa zai tafi, saɓanin kwalekwalen katako da yakan tsaya a sama har mutane su riƙe shi. Abin da ke hana shi nutsewa shi ne soson foliyuritan mai rufaffun ƙwayoyi, wato wanda ba ya shan ruwa, da ake cusawa a ƙarƙashin kujeru da gaba da baya. Kowace lita ɗaya ta wannan soso tana ɗaga kusan kilo 1. Jikin faiba mai kilo 150 yakan zama kamar kilo 50 a cikin ruwa, sai a ƙara nauyin inji da kaya gaba ɗaya, da wani rabo domin mutanen da za su riƙe jirgin. Farin soson da ake tallafe kayan lantarki da shi narkewa yake yi idan foliyesta ya taɓa shi, sai an rufe shi tukuna. A kuma ɗaga wani sashe na soson zuwa gefuna ta sama, domin idan duk a ƙasa yake jirgin kifewa zai yi.

Kafin a fita su da sabon jirgi, a kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ɗaura duwatsu masu nauyin injin a mazauninsa, a cika shi da ruwa har baki, a ga ko zai tsaya a sama a daidaice. Idan baya ya nutse ko ya karkata gefe, a fito da shi a ƙara soso a wurin, a sake gwadawa.