Kashin yawo, fure da ɗan hakin da ka raina

Wani ɗalibi daga Funtuwa ya rubuto: "Malam, me ya sa ake ce wa ciyawar nan kashin yawo? Kuma tana yin fulawa kuwa?"

Ɗana, fulawa ita ce ake kwaɓawa a yi burodi. Abin da tsiro ke fitarwa sunansa fure. Raina yana ɓaci ƙwarai in na ji har masu karanta labarai a rediyo suna faɗin haka, alhali harshenmu bai rasa kalma ba. Itace kan yi huda, gero da dawa su yi bununi, masara ta yi goyo ta fid da gemu. Tsofaffin mata ma in sun ce fure kurum, furen taba suke nufi, wanda ake goga wa haƙora tare da goro. Duk wannan arziki a ajiye, a je ana aro?

To, kashin yawo yana fure. Da damina ka tsuguna a bakin turke ko kan juji ka duba. Karansa gashi-gashi ne, yana rabuwa biyu-biyu, ganyen suna fuskantar juna. A daidai inda reshe ya rabu za ka ga ɗan furen, rawaya-rawaya, bai kai ƙwayar wake ba. Bayan 'yan kwanaki sai ya zama 'ya'ya a jere kamar tauraro, kowane ɗa da ƙayoyi biyu a ka kamar ƙahon akuya. Su ne ke maƙale wa jelar saniya, gashin tunkiya da ƙafar wando, a kai su wani gari. Yawon ke nan. Asalinsa ma daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ya zo. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya kafa gida, har ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ƙarangiya.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Toho da tsiro ɗaya ne?"

A'a, 'yar'uwa. Iri ke tsira daga ƙasa, itace ke toho in ya fid da sabon ganye.

Wani malamin firamare daga Gusau ya ce: "A 'ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido', ana iya sa ciyawa a madadin haki?"

Malam, kada a taɓa. Haki a nan sili ɗaya ne, siriri, wanda iska kan ɗauko, kuma "ɗan" ya ƙara ƙanƙanta shi. Ciyawa kuwa dami ake yi da ita a kai wa doki. Ka koya wa yaran yadda ka gada.