Filin Lafiyar Ido: Idan Yaro Ya Ji Ciwo a Ido

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaranjiya yara na harbin tsuntsu da danƙo, dutse ya sami ɗana mai shekara 6 a ido. Jini ya kwanta a baƙin idon, amma yau ya ragu har ya koma wasa. Na ɗiga masa nono, kakarsa ta ce ya isa. Dole ne sai na kai shi asibiti? Daga wata uwa a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Dole ne, kuma yau ɗin nan. Jinin da kika gani ya fito ne daga ƙananan jijiyoyin da dutsen ya fasa a ciki. Yakan daskare ya toshe wurin, amma tsakanin kwana 2 zuwa 5 gudan jinin yakan saki, jini ya sake ɓallewa, kuma na biyun ya fi na farko muni. Ke nan yanzu ne ɗanki yake tsakiyar haɗarin, ba wai ya wuce shi ba. Idan jini ya cika gaban ido yakan toshe hanyar da ruwan ido ke fita, matsi ya hau, ya lalata jijiyar gani, wadda ba ta farfaɗowa.

Kafin ku isa, a hana shi guje-guje, ya kwanta da filo biyu don jinin ya sauka ƙasa. In yana jin zafi, farasitamol kawai. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini. Kuma ki gaya wa likita in yana da sikila, ko da AS ne, saboda matsin idonsu ya fi saurin hawa. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ko ya warke, a riƙa auna matsin idon duk shekara, don hawan jinin ido kan biyo bayan irin wannan duka ko da an daɗe.

Batun nono kuwa, a bar shi. Haka ruwan sikari, ruwan albasa da kwalli: ba sa gyara komai, sai dai su kai ƙwayoyin cuta cikin rauni. Wanda ya fi ba mu wahala ma shi ne maganin ɗigawa na kyamis mai ɗauke da sitiroyid. Yana kwantar da jan ido, iyaye su ɗauka an samu sauƙi, alhali gyambo na cin baƙin idon har ya bar hakiya ko ya huda shi.

Tambaya: Likita, tsinken tsintsiya ya soki 'yata mai shekara 4 a ido. An yi mata aiki an cire yana, an ba ta tabarau. Yanzu kuma an ce mu riƙa rufe idon mai lafiya. Anya ba kuskure aka yi ba? Daga wani mahaifi a Yalwa, Bauchi.

Amsa: Ba kuskure ba ne Malam. Ido yana ɗauko hoto ne, ƙwaƙwalwa ce ke gani, kuma tana koyon wannan aiki ne daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya ya yi watanni yana aika hoto dishi-dishi, sai ta yi watsi da shi ta jingina ga ɗayan. Shi ya sa babba kan gani da zarar an cire masa yana, yaro kuwa sai a yi aiki mai kyau amma ganin ya ƙi dawowa. Rufe mai lafiyar tilasta wa ƙwaƙwalwa ne ta koma wa raunanannen.

Yawanci awa 2 zuwa 6 ne a rana, gwargwadon yadda likitanta ya tsara. A manna abin rufewar a fata, a ɗora tabarau a kai. In a gilashin aka manna, leƙe za ta yi ta gefe, yara ai sun fi mu dabara. Lokacin ne za a ba ta zanen hoto ko tsintar wake, abin da zai sa idon aiki. Za ta yi kuka a makon farko don da gaske ba ta gani sosai. A daure, kada kuma a wuce awannin da aka ce, domin mai lafiyar ma yana iya yin rauni.

Tambaya: Muna haɗa sabulu a gida. In soda ta fantsamar wa yaro a ido, me za mu fara yi? Daga wata mai sana'a a Azare.

Amsa: Ruwa, nan take, kafin a nemi abin hawa. Soda, siminti da toka sun fi ruwan batir ɓarna, don suna ratsa baƙin ido cikin mintoci. A kwantar da yaro idon da ya taɓu yana ƙasa, a buɗe fatar da yatsu, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta da buta daga gefen hanci zuwa waje, aƙalla minti 20 a agogo. Sannan asibiti, a tafi da mazubin abin.

Wannan na sinadari ne kawai. In abu ya huda ido, ba wanki, ba murzawa, ba ciro shi. A yanke gindin kofin roba a kifa a kan idon, a manne da filasta yadda zai zauna a kan ƙashi bai taɓa ƙwayar ba. Kada a ba yaron abinci ko ruwa, don wataƙila a shiga da shi tiyata, kuma a ɗauki katin rigakafinsa saboda allurar tetanus.